Faifan da Na Canza Miki

Saude,

Na tafi Babura cin kasuwa, ba zan jira dawowarki daga Kano ba.

Maganar kwamfutar da kike ajiye hotunan mutane ce. Kin ce faifai biyu ne a cikinta kamar tagwaye, abin da ɗaya ya haddace shi ɗayan ya haddace, kuma ɗaya ya fara ciwo. To jiya na ce bari in hutar da ke. Ni da na tsufa ina awon hatsi, idona bai taɓa kuskure mudu ba. Na kashe ta, na zare ɗaya, na sa na tsohuwar kwamfutarki. Na gwada da yatsa, na auna a tafin hannu, wallahi girmansu ɗaya.

Da na kunna sai ta cika fuska da Turanci, ta tsaya cak. Maƙwabcinmu Bartholomew ya karanta, wai girmansu bai zo ɗaya ba, nawa ƙarami ne ta ciki. Ya tambaye ni, mai ciwon na cire ko mai lafiyar? Ban sani ba, Saude.

Ya ce kada a danna komai sai kin zo, kar hotunan bikin mutane su goge. Wanda na cire yana naɗe a hulata ta Juma'a, ƙarƙashin matashina.

Na ga fari, na ga kwalara, rijiya ta rufta da ni na fito, ban taɓa gudu ba. Yau dai ga ni a motar farko. Ki yi haƙuri.

Kakanki Daudu