Gattas Labib Ba Amarya Ba Ne

Litinin, 2 ga Agusta
Ni na koya wa kaina kafinta. Aji uku na yi a sakandare na fito, babu uba, babu kawu. Na gina shago, na ɗora bene a kansa, na aurar da 'yata Sawsan da kujerun da na sassaƙa da hannuna. Yanzu kuma bangon katako na gaban bagadin sabon cocinmu. Ƙananan katakai ɗari shida, kowanne ya kama ɗan'uwansa, ba ƙusa, ba gam. Daga nan har birnin Asyut a nuna mini wani mai yin haka. Bishop zai zo keɓe cocin ranar ashirin da biyu. Na ce wa Abuna Bakum, limaminmu, a sassaƙa sunana a saman ƙofar tsakiya. Ya ce, "Za mu gani, Malam Gattas." Na san wannan za mu ganin.

Laraba, 4 ga Agusta
Hannun dama ya sake yin rawar nan tasa. Kofin shayi ya zube mini a riga. Matata Tiriza ta gani, ta ɗauke kai. Shekara talatin da aure sun koya mata.

Lahadi, 8 ga Agusta
Azumin Budurwa mai tsarki ya shiga, ba cin nama, wake safe, wake rana. Abuna ya yi wa'azi cewa Ikilisiya amarya ce, ana mata wanka, ana mata kwalliya, Ango na hanya. Da aka fito na ce masa to ni ne mai ɗinka mayafin, a sa sunan tela. Ya yi dariya. Wai, "Kai ba tela ba ne, kai ma amaryar ce. Kai ake wankewa." Ni? Da gashin bakin nan? Matan da ke bakin ƙofa har da riƙe ciki. Tiriza na cikinsu.

Laraba, 11 ga Agusta
Na ɓata katako tara yau. Tara! Wuƙar ta zame, ramukan sun yi faɗi, in na haɗa sai su faɗo. Na cusa su ƙarƙashin tebur.

Asabar, 14 ga Agusta
Ayyad, wan Tiriza, ya leƙo shago. Mai injin yanka katako, mai kabad ɗin da ke ɓallewa kafin amarya ta haihu. Ya ɗaga ɗaya daga na ƙarƙashin tebur, ya juya shi. "Suruki, ɓera ne ya ci wannan?" Na ce ɓeran ya fi injinsa iya aiki. Ya ce ya ba ni hannunsa kwana uku, ba wanda zai ji. Na nuna masa hanya. Tiriza ce ta turo shi, ko ta rantse.

Talata, 17 ga Agusta
Saura katakai saba'in. Na ɗauko gwangwanin gam, na buɗe, na shaƙi warinsa. Ba mai ganewa sai hunturu, in katako ya motsa ya tsage. Bishop zai shafa wa bangon nan mai mai tsarki da yatsansa. Na rufe gwangwanin. Ba tsoro ba ne. Gattas ba ya aikin gam, shi ke nan.

Laraba, 18 ga Agusta
Ban iya ɗaure maɓallin rigata ba. Tiriza ta ɗaure mini. 

Alhamis, 19 ga Agusta
Ban kira Ayyad ba. Na dai wuce ta ƙofar shagonsa na ce ko jaki in an tsaya a kansa zai iya riƙe wuƙa. Ya biyo ni. Ni ke aunawa, ni ke zanawa, shi ke yanka. Sau biyu na make masa hannu. Ya ce, "A hankali, amarya." Na ƙyale shi don aiki na gabanmu. Hannunsa ba laifi. Ba zai ji wannan a bakina ba.

Asabar, 21 ga Agusta
Bango ya tsaya. Mata sun wanke cocin da ruwan wardi, sun rataye labule, Tiriza ta goge katakon da gyalenta. Abuna ya zo da alli a hannu ya ce in har yanzu ina so, in nuna inda za a sa sunan. Na ce wurin ba kyau, zai ɓata zanen. Gaskiya ne kuma, zai ɓata.

Akwai 'yar takardar da ake ɗorawa a kan bagadi lokacin sujada, ta marasa lafiya da ake wa addu'a. Ban taɓa yarda ko sunan kazata ya hau ta ba. Na tarar da Abuna yana rubuta ta gobe. Na tsaya a kansa. Ya ɗago, ya dubi hannuna, ya tsayar da biro.

Na ce ya rubuta. Ba "wani bawan Allah" ba, kamar yadda masu kunya ke yi. Gattas Labib, kafinta. Da manyan baƙaƙe, kuma a layin farko.