Ban Yi Nadamar Faɗa Miki Wadda Ta Haife Ki Ba

Zuwa ga Maleta, sanyin idona, inuwar kwakwata a tsakar rana, ruwan farko bayan dogon rani, 'yar itacen wongai mai zaƙi wadda duk wanda ya ɗanɗana ba ya iya barin tsibiri.

Ina gaishe ki gwargwadon yashin bakin tekun tsibirinmu na Badu, ko da yake na san ba za ki amsa ba. Yau kwana ashirin da uku rabon da ki ɗaga ido ki dube ni. Kin aiko mini da zobena a cikin gwangwanin shayi kamar wata ƙugiya da ta yi tsatsa. Na karɓa, na ajiye. Amma in kina jiran takardar nan ta zo miki da ban haƙuri, abar ƙaunata, gara ki ninke ta tun yanzu. Da fushi na zauna rubuta ta, kuma son da nake miki ne ya hura fushin.

Laifina ɗaya ne, kuma ban musa ba: na faɗa miki cewa marigayiya Anti Rosina, matar baffanki Elimo, ita ce ta haife ki. Kin san al'adarmu kamar yadda na san ta. Ɗan'uwa ya ba ɗan'uwansa jariri kyauta ta har abada, mai bayarwa ya kama bakinsa, mai karɓa ya kama nasa, yaro ya tashi bai san komai ba sai gata. Ban taɓa raina wannan al'ada ba. Ni kaina ɗan kyauta ne, a bakin wani yaro na ji lokacin da muke faɗa a makaranta, kuma har uwar da ta raine ni ta koma ga Allah ban nuna mata na sani ba. To me zai sa ni, da na riƙe sirrin kaina shekara ashirin, in fasa naki in ba don wuya ta kai wuya ba?

Ki tuna ranar da muka raka Seriana asibiti a tsibirin Waiben. Seriana da kike kira 'yar baffa, alhali ciki ɗaya kuka fito. Shekararta talatin da uku, an cire mata nono, magani ya zubar mata da gashi. An gwada jininta aka ga sankarar ta gado ce, daga wajen uwa. Sankarar nan ce ta ɗauke Anti Rosina tana da talatin da bakwai, ita ce ta ɗauke uwar Rosina kafin ta ga jika. Malamar asibitin da ke zuwa daga birnin Cairns ta ce duk wanda Rosina ta haifa ya zo a gwada shi, domin rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba. Ke kuma da tsantseninki kika ce a duba har da ke. Ta zaro takarda ta zana zuri'arki, da'ira ga mace, akwati ga namiji, ta tambaye ki sunan mahaifiyarki. Kika ce Dorcas. Ta ja layi, ta yi murmushi, ta ce ba ki haɗa jini da Rosina ba, ki je ki kwantar da hankalinki.

Kika fito kina dariya, kika rataya hannu a kafaɗata kika ce, "Ka ga, Jomen, sai ka haƙura da ni har tsufa, ba inda za ni." Seriana tana zaune a benci da ɗankwali a kan da ba gashi, ta sunkuyar da kai. Wallahi ban taɓa jin dariyar da ta soke ni kamar taki ta ranar ba.

Ina fushi da takardar nan da aka tsara can kudu, wadda ba ta da gurbin ɗan kyauta, kamar mu ba mutane ba ne da ke da tamu hanyar yin iyali. Shekara nawa ma'aikatan asibitin suna zuwa tsibiran nan, a ce ba wanda ya koya musu su tambaya ko akwai riƙo a gida? An ce ma gwajin nasu ya fi sanin jinin Turawa, namu na baƙaƙe kaɗan aka taɓa dubawa. To ga gida guda da aka yi sa'a aka gano ainihin abin a jinin Seriana, an san me za a nema, ɗigon jini kaɗan kawai ake so, sai layin biro guda ya fitar da ke waje.

Amma fushina da mutanenmu ya fi. Kada ki ce na yi gaggawa. Wata uku ina bin hanyar da ta dace. Na je wa Ama Dorcas, uwar da ta raine ki, da kifi da ladabi, na zauna ƙasa, na roƙe ta ita ta faɗa miki da bakinta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da ko sadaki ba ka gama maganarsa ba, har ka fara raba mini 'ya? Ni na goya ta, ni na yi jinyar ƙyandarta. Allah ne ke tsare ta, ba allurar Cairns ba. Tashi ka ba ni wuri." Na je wa baffa Elimo yana ɗinkin koma. Bai ko ɗago ba ya ce, "Ɗana, na ba yayana 'ya. Abin da hannu ya bayar baki ba ya zuwa ya karɓo." Na ce masa, Baffa, ka binne matarka, ga 'ya guda a kwance, ta biyun kake jira? Ya ci gaba da ɗinkinsa, hawaye na bin gemunsa.

Mutanen da suka iya rera waƙa a jana'iza kamar mala'iku! Sun iya yanka kunkuru, su dafa abincin mutum ɗari uku ranar bikin buɗe dutsen kabari, su lulluɓe dutsen da atamfa ninki goma, amma kalma guda da za ta hana a sassaƙa dutsen ta gagare su. Duk wanda ya haura arba'in a garin nan ya san cikin da kika fito. Yanzu ni ne mugu. A coci in na zauna sai bencin ya watse. Abokin da muke nutso a teku tare ya koma jirgin wani, ya ce, "Ɗan'uwa, bakinka ya yi tsawo, ba na shiga teku da mai dogon baki." Na yarda, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranar wankan ta zo tun sa'ad da aka kwantar da Seriana.

Sannan ke, farin cikin raina, ke ma ina fushi da ke. Kin manta ranar da kika riƙe mini igiya ina ƙasan ruwa ina kamun jatan lande? Kin hango inuwar babban kifi tana kewaya jirgi, kika finciko ni da ƙarfin da ban san kina da shi ba. Na fito ina masifa, buhuna ya zube, aikin yini ya tafi. Kika riƙe ƙugu kika ce, "Yi ta masifarka, ai da numfashi ake yin ta." Har yau ba mu san ko kifin zai taɓa ni ba, kuma ba ki jira kin tabbatar ba kafin ki ja. Abin da na yi ke nan ranar da na same ki kina kankare kwakwa a bayan gida. Kika ajiye kwakwar, kika ce, "Ka kashe mini uwa tana raye," kika shige ɗaki.

Ban kashe ta ba, Maleta. Ama Dorcas uwarki ce jiya, uwarki ce yau, ita za ta zauna a kujerar uwa ranar aurenki, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ni zan fara tare shi. Ita ta ba ki tarbiyya da iya girki da wannan taurin kan da ke neman hallaka ni. Jini kaɗai ne ba ta ba ki ba, ciwon kuma jini yake bi, bai san wa ya yi goyo ba. Shekararki ashirin da tara. Kin ƙirga tazarar da ke tsakaninki da talatin da uku? Ni kullum sai na ƙirga, a cikin jirgi, a ƙasan ruwa, a bakin abinci.

Malamar za ta dawo Waiben ranar Alhamis ta sama. Na buga waya na tambaya, ban ambaci sunan kowa ba. Ta ce abin da aka faɗa mata a ɗakin nan ba ya fita, ko uwa ba ta ji. Ki shiga ke kaɗai, ki rufe ƙofa, ki ce a gyara layin nan, ki miƙa hannu. In ba ki gada ba, shi ke nan, na zama sakaran da ya tayar da gari a banza, kuma zan ɗauki sunan da murna. In kin gada, za a riƙa duba ki kowace shekara, a tare ciwon tun yana ƙarami, tun bai ci abin da ya ci wa Seriana ba.

Ba na roƙon ki yafe mini. In sharaɗin zuwanki shi ne kada ki ƙara ganin fuskata a ƙofar gidanku, na amince, na sa hannu. Ki auri wanda Ama ta zaɓa, mai gajeren baki. Ni zan nutsa in kamo abin da za a ci a bikin, in ajiye a bakin hanya in juya. Ni dai ba zan nemi wata ba, zuciyata ƙofa ɗaya gare ta kuma kin riga kin shige. Abin da nake nema a wurinki guda ne: ki tsufa. Ina so wata rana in wuce ta bakin teku ina dogara sanda, in hango ki da furfura fal a ka, jikokin wani suna hawa bayanki, ki gan ni ki kau da kai don har lokacin ba ki huce ba. Wannan ya ishe ni.

Naki, ko kina so ko ba kya so, har ranar da teku za ta ƙafe,

Jomen