Farantin da Ka Bari Ya Wuce

Ku iyayen da za ku karanta wannan, ku ji ni da kyau: ba ranar da yaro ya daina zuwa coci ake rasa shi ba. Tun yana zaune kusa da ku a benci yake tafiya. To, ku ba ni wuri, da ɗana zan yi magana.

Zuwa ga babban ɗana, Ishaya, a Fatakwal.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya, kai da aikinka. Mu nan Yalwawa lafiya lau. Tun da ba ka ɗaukar wayata, na rubuto maka buɗaɗɗiyar wasiƙa a inda na san idonka zai kai.

Ka san mafarin abin. Ƙanenka Bulus ya sare mangwaron da marigayi babanku ya dasa a tsakar gida, don ya gina ɗakin amaryarsa, bai shawarce ka ba. Laifi ne. Na faɗa masa a gabanka, ya durƙusa ya ba ka haƙuri. Ka dubi kututturen, ka shige ɗaki.

Lahadin da ta biyo aka yi Jibin Ubangiji, wato cin gurasar tunawa da Almasihu. A ikilisiyarmu an koya mana cewa mai riƙe da ɗan'uwansa a zuciya kada ya ci gurasar, sai ya je ya shirya tukuna. Faranti ya zo hannunka, ka miƙa wa na kusa da kai ba ka ɗauka ba. Da aka tashi, matan zumuntar coci suka tare ni a bakin ƙofa suna yaba ka. Wai yaron nan mai tsoron Allah ne, ba ya wasa da teburin Ubangiji. Har wani dattijon ikilisiya ya dafa kafaɗarka. Kowa ya ga ba ka ci ba, babu wanda ya tambaya ko ka je ka shirya. An hana ka ci ne don ka tashi ka nemi ƙanenka, ba don ka saba da yunwa ba.

Ranar farko ka daɗe kana kallon gurasar kafin ka miƙa, na gani. Daga baya ko kallon farantin ba ka yi. Sai ka koma bencin baya. Sai ka fara fita duba babur ɗinka da zarar an ɗauki waƙar Jibi. A gida kuma, a addu'ar safe kowa ya ce amin, kai bakinka a rufe.

Da na yi maka faɗa, ba ka ɗaga murya ba. Cewa ka yi, “Mama, ni fa ba na jin komai. In na yi addu'a, a rufin kwano take tsayawa.” Da zagina ka yi, da ya fi mini sauƙi.

Kai ne fa kake rera waƙoƙin coci kana janyo guga, har maƙwabcinmu Malam Sale ya leƙo ya ce muryarka ta fi rediyonsa. Ranar baftismarka ka fito daga ruwa kana dariya kana kuka. Wannan yaron nake nema.

Bayan ka tafi Fatakwal, matar Bulus ta haihu, an sa wa jaririn sunan babanku. Ranar suna Bulus ya yi ta kiranka har wayarsa ta mutu. Yanzu ya daina tambayarka, ko sunanka aka ambata sai ya tashi ya fita. Ka ga, abin ba a jikinka kaɗai ya tsaya ba.

Lahadin da ta wuce ƙanwarku Rifkatu ta bar farantin ya wuce ta, wai sun yi cacar baki da matar Bulus a kan murhu. Na ji wata a bayana ta fara cewa yarinyar nan ta biyo yayanta a tsoron Allah. Ban jira albarkar rufewa ba, na kama hannunta muka koma gida, ban sake ta ba sai da suka rungumi juna suna kuka.

Babana, ɗakinka yana nan, ina share shi. Ba sai ka ji wani abu a zuciyarka za ka dawo ba. Ka zo da ita haka a bushe, Wanda ya yi ta ya san yadda zai jiƙa ta.

Ubangiji ya tsare ka a inda kake, ya hana ka sukuni har sai ka nemi ƙanenka, ya kuma ba ni kwanan ganin haka. Amin.

Ka kuma san dokar da za ka tarar. Duk Asabar ɗin da Jibi zai biyo, ba a ɗora tukunya a gidan nan sai mai riƙe da wani ya je ya same shi sun shirya. Har da ni. Har da kai, ran da ka shigo.

Ni ce mahaifiyarka, mai jiranka,
Saratu