Harsashin da Na Cika wa Kabo

Hindawiyya, Makka
Zulhajji 1383

Zuwa ga ɗana Mukhtaru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarka Hure da yara. Ni ma alhamdu lillahi, ƙafa ce kawai. Maƙwabcina Malam Abdulganiyyu ke rubutawa, ni ke faɗa.

Alhazan garinmu sun kawo takardarka. Ka ce harsashin kanti ya yi tsada, kana so in koya maka yadda ake sake cika kwanson da aka harba. Ba zan koya ba. Ka sayi na kanti, ko ka jingine bindigar ubanka ka kama noma. Kada ka tambaye ni dalili.

Baffanka,
Maman Maharbi

Hindawiyya, Makka
Zulhajji 1384

Mukhtaru,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Hure?

An ce ka yi kunnen ƙashi, har ka daka albarushi da kanka. Halin gidanmu ne. To saurara, na sa Malam ya rantse ba zai gyara mini magana ba.

Ranar da ɓauna ta kashe ubanka Kabo, kana goye, na ce wa mutane bindiga ce ta ƙi tashi. Bindigar lafiyarta lau. Harsashin ne, kuma ni na cika shi. Na daka albarushi cikin damina, ranar shanya hadari ya taso, na kwashe bai gama bushewa ba. Na cika harsasai da shi, na gwada ɗaya a bayan gari, ya yi jinkiri kafin ya tashi. Na sani. Amma na riga na cika baki a gaban maharba cewa nawa ya fi na Bature, sai na yi shiru na ba ƙanena guda shida.

Ina bayansa da taku goma. Na ji kunamar bindigarsa ta ce ƙyas, sau biyu.

Shekara ashirin da shida ke nan. Na tako Sudan da ƙafa, na yi ɗawafin da ban san adadinsa ba, ƙarar nan ba ta bar kunnena ba. Da azumi in an buga igwar shan ruwa kowa ya kai dabino baki, ni sai hannuna ya ƙi.

Kuɗin da na rage a kan harsashi shida bai kai kuɗin likkafaninsa ba.

Ka karanta wa Hure, kada ka tsallake komai. In za ku tsine mini, ku aiko, zan karɓa. Amma ka fara zuba albarushin nan a rafi tukuna.

Wassalam.
Maman, wan ubanka