Sabon Abincin Kifi

Zuwa ga maigidana Ches,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a wurin aikinka can Alberta, kuma bayan nan naka ya daina damunka. Ni da Mama lafiya lau.

Kamfani ya canza abincin kifayen da muke kiwo a kejin teku. Wai man kifi ya yi tsada, sai suka rage shi a cikin abincin, suka cika da man kanola da ake tatsa daga irin shuka. Ko a hannu ana ji, ba ƙarnin nan da ke bin riga har gida. Alvin, manajanmu, ya ce mai ai mai ne. Ɗan'uwanka Wince, da ke nutso yana kwaso matattun kifaye, ya ce masa, "To kai ma daga yau a soya maka kifi da man inji." Muka yi dariya. Amma likitar kifi ba ta yi ba. Ta ce kifin ruwan sanyi da maiƙon teku yake tsallake hunturu.

Taka,
Verna

Maigida,

Ina gaisuwa. Yaya sanyin wajenku? Namu ya sauko da wuri.

Kifayen sun fara gyambo a gefen ciki. Alvin ya firgita, ya sa an dawo da tsohon abincin, sai dai ruwa ya riga ya yi sanyi, sun daina ci. Ina watsawa ina kallo yana nitsewa. Da can in na zo, ruwan har tafasa yake don rububin abinci. Yanzu tsit.

Verna

Ches nawa,

Ina fatan kana lafiya. Ni dai ga ni nan.

Jiya Wince ya fito daga keji na ƙarshe, ya zauna bai ko cire kayan nutso ba. Ka san bakinsa, amma sai da na tambaya sau biyu. Ya ce, "Verna, ƙafata ba ta taɓa ragar ƙasan kejin ba. A kan matattun kifaye na tsaya."

Rediyo ta ce iskar arewa na tafe da ƙanƙara. Ba wanda ya yi maganar rufe gonar kifin, amma matar Alvin ta fara rabar da tukwanen furanninta kamar mai shirin barin gari.

Ban faɗa wa Mama ba. Ka tambaya mini a hankali ko suna ɗaukar mata aiki a wajenku.

Matarka mai kewarka,
Verna