Yaran Hajiya na Kan Dutse

Ƙofar Sauri, Katsina
8 ga Mayu, 1999

Zuwa ga Yaya Stephen,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman Barcelona? Mahaifiyarka Mama Hannatu tana nan ƙalau, ko jiya ta leƙo ta katanga aron rariya.

Kai na rubuto wa, ba Yaya Maitama ba, don rubutunka ne a bayan ambulan da ta iso shekaranjiya. Ka san al'adarsa tun da ya bi ka can aikin gini: mahaifiyarmu Hajiya ba ta karatun boko, sai ya ɗauki muryarsa a kaset ya aiko mata. Wata huɗu ba mu ji ɗuriyarsa ba, sai ga wannan. Muka shimfiɗa tabarma, aka kira har Kawu Sada daga shagonsa na kaset, na danna rediyo. Babu Maitama. Wasu siraran muryoyi ne masu yawa, suna waƙa a hankali da yaren da ba mu sani ba. Muka juya kaset, nan ma haka. Takarda kuwa ko layi ɗaya babu.

Kawu Sada, ka san bakinsa ba linzami, ya ce irin wannan yake ji a talabijin in Turawa za su binne mutum. Hajiya ba ta yi kuka ba. Ɗaki ta shiga, kuma tun ranar ba ta ci abin kirki ba.

Ka faɗa mini gaskiya. In ya rasu ne, ni ka rubuto wa, zan san yadda zan gaya mata. Tsoro nake ji ƙwarai.

Ƙanwarka,
Zinariya

Ƙofar Sauri, Katsina
30 ga Mayu, 1999

Yaya Stephen,

Gaisuwa kamar kullum. Har yau shiru, ƙafata ta gaji da hanyar gidan waya.

Mun kira Mama Hannatu ta saurara, tun da ta san waƙoƙin coci. Ta rufe ido har aka gama ta farko, sannan ta ce, "Hajiya, wannan ba ta makoki ba ce. Yara ne maza, yabo suke yi." Hajiya ta ce, "Maza? Da murya kamar zaren ɗinki?" Hankalinta ya ɗan kwanta, ta sha kunu. Amma da yamma ta sake tambayata, in lafiya yake, me ya hana shi magana?

Yanzu kullum da hantsi sai ta ɗora rediyon a cinya ta kunna. Kawu Sada ya ce mata bai dace Hajiya guda ta zauna jin waƙar coci ba. Ta ce masa, "Sada, ni ba bauta nike ba, cigiya nike." Wai ko muryarsa za ta ɓullo a wani lungu na kaset ɗin. Ta haddace shi tsaf. Akwai wurin da duk suke tsayawa su ja numfashi tare, sai yaro ɗaya ya ɗaga murya shi kaɗai, ya yi sama har ka ji tsigar jikinka ta tashi. A nan ne take sa ni in mayar baya, in sake mayarwa.

Jiya aka rantsar da gwamnatin farar hula. Maƙwabta suka taru a zaurenmu za su ji a rediyo, Hajiya ta hana rediyon. Ta ce soja su tafi lafiya, ita ɗanta take nema.

Don Allah ka amsa.

Zinariya

Barcelona
1 ga Yuni, 1999

Ƙanwata Zinariya,

Ina gaida Hajiya da girmamawa, ina gaida Mama da Kawu Sada. Yau wasiƙarki ta takwas ga Mayu ta same ni, kuma kafin komai: Maitama yana raye. Ga shi nan a gabana yana cin shinkafa da hannun hagu, yana zubar da rabi.

A watan Fabrairu ya faɗo daga saman gini, hannunsa na dama ya karye. An yi masa ɗori, yana warkewa. Shi ya hana ni faɗa, wai kada Hajiya ta damu. Na biye masa, laifina ke nan, ina neman gafara.

Kaset ɗin nawa ne. Da zaman gida ya ishe shi, na kai shi wani dutse a bayan gari inda yara ke waƙa da rana a wata tsohuwar majami'a, wani lokaci da yarensu na Katalan. Ya ce shi a bakin ƙofa zai tsaya. Da suka fara, na waiwaya na gan shi ya saki baki. A hanyar dawowa ya ce mini bai taɓa sanin mutum hamsin za su iya zama murya ɗaya ba. Shi ya sa na sayi kaset ɗin waƙarsu.

Ranar da zai yi wa Hajiya magana ba mu da kaset marar komai, sai ya ɗauki wannan zai ɗora a kai. To kaset na kamfani an karye masa 'yan kunnuwan nan na sama, ba ya ɗauka sai an cusa takarda a ramin. Ya danna da hagu, jan maɓallin ɗaukar murya bai shiga ba, na kunnawa ne ya shiga, ga sauti a ƙasa ƙwarai. Ya zauna ya yi minti arba'in yana gaida dangi ɗaya bayan ɗaya, har da hawaye. Ni kuma na rufe ambulan ban saurara ba. Ki tuna wa Kawu Sada cewa shekara biyar wannan mutumin ya yi a shagonsa.

Ga sabon kaset, na saurare shi sau biyu. Ga kuma rubutun hagunsa a ƙasa.

Yayanki,
Stephen

Hajiya ina raye. Ki yafe mini. Maitama.

Ƙofar Sauri, Katsina
19 ga Yuni, 1999

Yaya Maitama,

Gaisuwa, da sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi. Faɗan da zan yi maka na ajiye shi sai ka warke.

Da wasiƙar Yaya Stephen ta iso, ban gama karanta layukan farko ba Hajiya ta yi sujada a tsakar gida. Sai yanzu ta yi kukan. Mama Hannatu ta shigo ko takalmi babu, suka riƙe juna. Ni ma ji na yi kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka. Ranar Hajiya ta ci tuwo malmala biyu.

Ta saurari muryarka daga farko har ƙarshe, tana amsa kowace gaisuwa. Da ka gama na ce in mayar? Ta ce a'a, ka cika surutu, in sa mata yaranta. Na sa. Da aka zo wurin jan numfashin nan, yaron ya ɗaga murya, ba ta ce in mayar baya ba. Ta bar shi ya kai ƙarshe, sannan ta ce, "Ashe haka take da daɗi. Sati shida ina jin ta, yau na hwara jin ta."

Ta ce in ka sake hawa dutsen, ka gaida mata su.

Ƙanwarka,
Zinariya