Garewanin Baba a Funtuwa

Funtuwa, 9 ga Fabrairu, 1964

Zuwa ga Yaya Ladidi,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Mati da yara. Yaya mutanen Kafur?

Mun dawo da Baba daga asibiti. Sun ce shanyewar ɓarin jiki ce, hannun dama da ƙafar sai dai haƙuri. Abin da ya fi damuna ba ya cin abinci. Matata Hajo ta yi tuwo, ya ture kwanon, ya ce miyar birni ba ta da rai. Kullum maganarsa ɗaya, a mai da shi gonarsa kafin damina. Ni kuwa na rasa bakin da zan gaya masa ba zai ƙara noma ba.

Aikin gurzar auduga ya yi tsanani. Ina dawowa ƙirjina cike da ƙura, in ɗaga Baba, in yi masa wanka. Yaya, na gaji.

Ƙanenki,
Labo

Funtuwa, 22 ga Maris, 1964

Yaya Ladidi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙon daddawa ya iso, mun gode.

Kwanakin baya Hajo tana yanka albasa, za ta zubar da gindin, Baba ya daka mata tsawa wai ba a zubar da abu mai saiwa. Ya sa na huda tsohuwar garwa na cika ta da ƙasa, ya dasa da hannun hagu. Cikin mako guda lawashi ya fito. Daga nan duk cefanen da aka yo sai ya bincike shi: 'ya'yan barkono, ɓarin tafarnuwa, alayyafon da aka sayo da saiwarsa. Yanzu garwa shida ce jere a bayan ɗaki.

Wahalar ta ƙaru a kaina. Rijiyar unguwa ta ja baya, sai na je har bakin layin dogo nake samo ruwa, kafaɗata duk ta kumbura. Ƙasarin gero ma ba ya bari a zubar. Akuyar maƙwabta ta cinye alayyafon sau ɗaya, na yi zaton zai karaya, sai kawai ya aike ni saro ƙaya.

Amma ranar Juma'a Hajo ta yi miya da ganyen nasa, ya cinye malmala guda. Ban san ina kuka ba sai da ya tambaye ni ko barkonon ne ya yi yawa.

Ƙanenki,
Labo

Funtuwa, 17 ga Mayu, 1964

Yaya Ladidi,

Ina fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Yaya ruwa a wajenku?

Nan ya sauka jiya da la'asar. Da ƙasa ta yi ƙamshi Baba ya ce in fito da shi ƙofar ɗaki, in miƙo masa fartanyarsa. Na sa masa ita a hannun dama, ta faɗi. Na sake sawa, ta sake faɗuwa. Ya daɗe yana kallonta a cikin taɓo, ni ma ban ɗauka ba.

Can ya ce in rubuto miki. Wai bana Mati ne zai shuka gonar tasa. Ya sa dawa a tudu, gyaɗa wajen tsamiya, kada ya yarda malamin gona ya cika masa ita da auduga. Bai ambaci komawa gida ba, har yanzu da nake rubutun nan.

Wata uku ina neman yadda zan gaya masa, ga shi ya faɗa da bakinsa, amma ban ji sauƙin da na zata ba.

Idan kin sami mai zuwa ranar kasuwa, ki aiko da takin awaki da irin kuɓewa. Ya ce in nemo masa ƙarin garwa huɗu. Zan nemo.

A gaida Mati da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Labo